Kunyar 'Yar Fari

Sau uku Sauda tana buga sashe na goma sha huɗu, sau uku tana gogewa. Ba wai kuskure take yi ba. Idonta ne yake cikowa, sai haruffan su narke a fuskar kwamfuta, ta rasa inda ta tsaya.

Ga abin da sashen ya ce: uwa ba za ta rasa riƙon ɗanta don ta yi shiru ba, sai ta furta da bakinta a gaban alƙali cewa ta sauka. Wanda kuma yaro ba ya hannunsa, uba ne ko uwa, yana da damar ganinsa aƙalla sau ɗaya a mako.

Ba doka ba ce tukuna. Daftari ne da wasu lauyoyi mata da malamai biyu suke ta gyarawa tun bayan da aka ƙaddamar da shari'a, da fatan wata rana su miƙa wa majalisa. Ofishinsu wani tsohon gidan Turawa ne a Nassarawa GRA, mai dogon baranda da itatuwan mangwaro. Sauda ce mai buga musu takardu. Shugabarta, Barista Winifred Shawulu, mutuniyar Zariya ce, mace mai faɗin murya da saurin dariya, wadda ba ta iya ganin mutum ya yi tagumi ta wuce shi.

"Sauda, takarda ɗaya tun safe? Ko kwamfutar ce ta shiga azumi?"

"Yanzu zan gama, Barista."

Winifred ta leƙo ta kafaɗarta, ta ga inda aka tsaya. Dariyar ta ɗauke. Ta san labarin, kamar yadda duk wanda ya daɗe a layin nan ya sani.

Layi biyu ne tsakanin ofishin da gidan Hajiya Uwa, inda mahaifin Sauda, Malam Ƙasimu, ya shekara talatin da ɗaya yana kula da lambu. A ɗakunan baya na gidan aka haifi Sauda. Hajiya ce ta sa ta a makaranta. A gindin gwaibar gidan kuma Sanusi, autan Hajiya, ya tarar da ita tana karatu wata shekara da ya dawo hutu daga jami'a, ya tambaye ta me take karantawa, ta kasa ɗago kai. Ya fara ba ta aron littattafai. Daga baya littattafan suka riƙa zuwa da wasiƙa a tsakiya, ita kuma tana ajiye amsa a ƙarƙashin tukunyar fure ta uku daga ƙofar kicin. Wace irin soyayya ce ba su yi ba? Ya taɓa rubuta mata cewa ko duniya za ta taru a kansa, ita ce inuwarsa. Duniyar ma ba ta taru ba. Hajiya ta yi shiru na kwana biyu, sannan ta ce Allah ya sa albarka.

Shekara bakwai suka yi. Babu duka, babu zagi. Son ne ya tsiyaye kamar ruwa a randa mai tsaga, ba wanda ya ga ranar da ya ƙare, sai da aka zura moɗa aka ji ta bugi ƙasa. Ya ba ta takarda, ta yi idda, aka kira zama a falon Hajiya don maganar yarinya. Nafisa, 'yarsu tilo, tana da shekara shida a lokacin.

A ranar, Hajiya ce ta buɗe magana a gaban limamin unguwa da wani ƙanin marigayi maigidan. Ta ce, "Malam Ƙasimu, ga maganar yarinya. Shari'a dai uwa ta ba wa."

Malam Ƙasimu yana zaune a ƙasa, a bakin kafet, inda ya saba zama. Ya ce, "Haba Hajiya. Yarinya ai taku ce. Mu ma da muka haifi uwarta, naku ne."

Kara ya yi. A ƙauyensu, can ƙasar Jahun, haka ake yi: mai haƙƙi ya miƙa, ɗaya ɓangaren ya mayar masa, a ce a'a, ta zauna wurin uwarta har ta yi wayo, kowa ya tashi da mutuncinsa. Ya miƙa, ya zauna yana jiran a mayar.

Sanusi ya ce, "To Baba, mun gode."

Liman ya juyo wurin Sauda. "Ke fa, kin yarda?"

Nafisa 'yar fari ce. Tun ranar suna Sauda ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban manya ba. Haka uwarta ta yi mata, haka aka yi wa uwar. Ta yaya za ta buɗe baki a gaban mahaifinta da surukarta ta ce ina so? Zuciyarta tana ihu, bakinta ya ƙi. Ta sunkuyar da kai, tana jiran wani ya faɗa a madadinta. Liman ya ɗan saurara, sannan ya ce shirun mace ai amsa ne. Aka shafa fatiha.

Sai bayan wata biyar ta iya zuwa gaban alƙali. Dattijo ne mai sauƙin kai, ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce abin da aka sauke a gaban shaidu, ba tilas, har watanni suka wuce, dawo da shi yana da wuya. Ya ba ta shawarar ta nemi sulhu. A gidan kuwa ba wanda ya taɓa hana ta zuwa. Cewa aka yi ta zo duk lokacin da ta ga dama. Sai dai in ta je, yarinya tana makaranta, ko Islamiyya, ko ta bi Abbanta unguwa. In kuma ta same ta, a falon Hajiya ne, Sauda ta zauna a takure tana gaida Hajiya da jiki, tana satar kallon 'yarta ta wutsiyar ido. Shekara biyu ke nan.

Ƙarar keke ce ta katse mata tunani. Ta taga ta hango mahaifinta yana jingine kekensa a jikin mangwaro. Bai taɓa zuwa ofis da rana tsaka ba. Ta fita da sauri.

"Baba, lafiya?"

Ya cire hula, ya mayar. Hannunsa duk ƙasa. "An yi wa Sanusi canjin wurin aiki. Fatakwal. Asabar za su tashi."

"Su wa?"

"Shi da mutuniyar." Ya kau da kai. "An riga an karɓo takardunta daga makaranta. Jiya ta zo tana tambayata ko gwaiba tana fitowa a can."

Sauda ta dafa ginshiƙin baranda. Yau Laraba.

Winifred tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta ko yi kamar ba ta ji ba. Ta gaida Malam Ƙasimu, ta jira ya tafi, sannan ta ja Sauda ciki ta rufe ƙofa.

"Zauna. Zan gaya miki gaskiya, wannan takardar da kike bugawa ba za ta cece ki ba. Ko gobe majalisa ta amince da ita, ba za ta koma baya ta gyara abin da ya wuce ba, balle ma ko karanta ta ba su yi ba. Abu ɗaya ya rage miki. Bakinki."

"Barista, ba za ki gane ba."

"Ni ce ba zan gane ba? A Zariya aka haife ni, ba a Ingila ba. Kakata har ta mutu ba ta kira sunan babana ba, 'wancan mai taurin kan' take ce masa. Amma ita ba a ɗauke mata shi an kai bakin teku ba. Ni kuwa da na haifi Calvin, kiran sunansa na dinga yi har maƙwabta suka ɗauka aku na saya." Ta jawo kujera ta zauna a gabanta. "Zan kira Hajiya Uwa, muna gaisawa. Zan roƙe ta a sake zama kafin Asabar. Ke kuma ki ce, ina son 'yata. Faɗi in ji."

Sauda ta motsa baki. "Ina son..."

"Ƙarasa mana. Ba da kuɗi ake saye ba."

"Ina son 'yata."

"Yauwa. Wace ce 'yar taki? Sunanta."

Nan Sauda ta tsaya. Sunan yana nan a maƙogwaronta, inda ya shekara takwas yana zaune. Kullum tana faɗarsa a cikin sujada, a zuci. Ta rufe fuska da mayafi, ta fara kuka.

Winifred ta yi ajiyar zuciya, ta dafa ta. "Bar shi. Na farkon ma ya isa."

Ranar Juma'a bayan la'asar aka zauna. Falon bai canja ba: kujerun nan masu ruwan ƙasa, agogon bango, dogon labulen da ya raba falo da hanyar ɗakuna. Hajiya Uwa tana kan kujerarta da carbi. Sanusi ya shigo ya zauna a gefe, ya ɗan yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gemu. Sauda ta yi mamakin yadda har yanzu zuciyarta ta san takunsa. Malam Ƙasimu ya zauna a bakin kafet. Wannan karon ba a kira liman ba.

Hajiya ta ce, "Barista ta ce kina da magana."

Sauda ta dubi mahaifinta. Ya sunkuyar da kai. Ta ji tsohuwar kunyar nan tana tasowa, tana kama mata harshe kamar yadda ta yi a wancan karon. Ta tuna Asabar. Ta damƙe bakin mayafinta.

"Hajiya, ku yafe mini rashin kunya. Ina son 'yata. Ban taɓa sauka ba, bakina ne ya kasa. Ina roƙo a bar mini ita."

Muryarta ta fito siririya, amma ta fito. Agogo ya ci gaba da bugawa.

Hajiya ta ajiye carbin a cinya. Ta daɗe tana kallonta. "Ran nan sau uku ina dubanki, Sauda. Na ce yarinyar nan za ta yi magana. Na san kara mahaifinki ya yi, ni ba baƙuwar al'ada ba ce. Da na so, da na mayar." Ta sake ɗaukar carbin. "Ban mayar ba. Gidan nan ya yi mini faɗi tun rasuwar Alhaji, na ga yarinya tana gudu a cikinsa, na yi son kai. Ga shi ni ma za a raba ni da ita. Allah ya yafe mana."

Malam Ƙasimu ya goge ido da bakin hannun riga.

Sanusi ya gyara zama. Ba fushi a muryarsa, abin da ya fi ciwo ke nan. "Sauda, shekara biyu. Ni na kai ta asibiti da ta yi ƙyanda, ni nake duba mata aikin gida. Na ɗauka ba kya so ne, wallahi haka na ɗauka. Kina zuwa ki zauna kamar baƙuwa, ko hannunta ba kya kamawa."

"A gaban Hajiya zan kama?"

"To ni ina zan sani?" Ya shafa kai. "Ba zan yi jayayya da ke ba. Ta yi wayo yanzu. A kira ta a tambaye ta. In ta ce ke, na rantse zan bar ta, in tafi ni kaɗai."

Wani sanyi ya ratsa Sauda, irin na wanda ya hango gari bayan doguwar tafiya. Wace 'ya ce za a ce ta zaɓa ta ƙi uwarta?

Nafisa ta shigo da hijabin Islamiyya, ta yi tsawo, idanunta na Sanusi ne sak, amma tafiyar ta Sauda ce. Ta durƙusa. "Ina wuni, Hajiya. Ina wuni, Baba Tsoho." Ta juyo. "Ina wuni." Ba ta haɗa da komai ba.

Hajiya ta jawo ta jikinta. "'Yar gidana, tambayarki za a yi, kada ki ji tsoro. Ummanki ta zo tana so ki zauna wurinta a nan Kano. Abbanki kuma zai tafi Fatakwal. Wanne kike so?"

Yarinyar ba ta yi dogon tunani ba. "Zan bi Abba."

"Ki dai yi tunani. Ummanki ce fa."

"Ai ita ba ta so."

Sauda ta ce, "Wa ya gaya miki haka?"

"Ba wanda ya gaya mini." Nafisa ta nuna labulen da ɗan yatsa. "Ran nan ina can baya. Liman ya tambaye ki, ba ki ce komai ba. Na ce bari in ƙirga, kafin in kai goma za ki yi magana. Na kai goma. Na kai ashirin. Na kai hamsin, lokacin iyakar abin da na iya ke nan. Sai na sake farawa daga ɗaya. Sai na ji an shafa fatiha."

Ta faɗe shi ne kamar mai ba da hadda, ba kuka, ba fushi. Abu ne da ta daɗe da ajiyewa a wurinsa. Sanusi ya rufe ido. Malam Ƙasimu ya miƙe a hankali ya fice, ko takalminsa bai tsaya sawa daidai ba.

"Hajiya, in tafi? Ban gama haɗa littattafaina ba."

Hajiya ta gyaɗa kai. Yarinyar ta fita ta ƙofar lambu.

Sauda ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ba ta nemi izini ba, ba ta yi sallama ba. Ta bi ta ƙofar kicin, ta wuce tukwanen furen nan, na ɗaya, na biyu, na uku. Yarinyar tana gaba, ta kusa gindin gwaiba. Can gefe Malam Ƙasimu yana tsaye da tiyo a hannu, ruwa yana zuba a wuri ɗaya.

"Nafisa."

Sunan ya fito a karye, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. A gaban mahaifinta, a gidan surukai, da rana tsaka.

Yarinyar ta tsaya cak. Ta juyo a hankali. A karon farko fuskarta ta motsa.

"Ashe kin san sunana."

Sauda ta zube a kan gwiwoyinta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. "Ni na zaɓa miki shi. Tun kina ciki. Kullum sai na faɗe shi, ke ce ba kya ji. Nafisa, ran nan ba ƙi na yi ba. Kunya ce. An koya mini cewa uwar kirki ba ta nuna son ɗan fari a gaban mutane, ni kuma na riƙe abin da aka koya mini, na sake ki. Ki yafe mini."

Nafisa ta matso taku biyu. Ta kai hannu ta taɓa gefen mayafin uwarta, ta murza shi tsakanin yatsu, kamar mai duba ko yadin kirki ne. Sauda ta kama hannun, ta riƙe. Ɗan ƙaramin hannu mai ɗumi, da tabon tawada a babban yatsa. Ba ta san yaushe rabonta da shi ba.

"Ki zauna. Ɗakina ƙarami ne, amma akwai taga. Zan riƙa yi miki kitso da kaina."

Yarinyar ta dubi ƙasa. "Na riga na gaya wa Abba zan bi shi. In na fasa, shi kaɗai zai tafi. Ba ya iya cin abinci shi kaɗai." Ta ɗago. "Shi ya ce yana so tun farko."

Sauda ta san gaskiya ce.

"In an yi hutu za ki zo?"

"Abba ya ce in an samu hali." Ta zare hannunta a hankali, ba da ƙarfi ba. Ta yi 'yan taku, ta waiwayo. "In na zo, ki sake kirana haka. Da ƙarfi. Ba a hankali ba."

Ta shige ciki.

Sauda ta daɗe a durƙushe. Ruwan tiyo ya malalo har ya jiƙa mata zani. Ta tashi ta je ta kashe famfon, ta dawo ta karɓi tiyon daga hannun mahaifinta, don ya manta yana riƙe da shi.

"Na jira su mayar mana," in ji shi, bai dube ta ba. "A garinmu mayarwa ake yi, Sauda. Ban taɓa ganin inda aka miƙa aka karɓe ba."

"Na sani, Baba."

"Ni na yi miki wannan."

"Ni aka tambaya."

Suka naɗe tiyon tare, shi yana ja, ita tana murɗawa, kamar yadda suke yi tun tana ƙarama.

Ranar Asabar Sauda ba ta je rakiya ba. Mahaifinta ne ya gaya mata cewa sun tashi bayan karin kumallo, kuma yarinyar ta tsinki gwaiba huɗu ɗanyu ta zuba a jaka. Maganar hutu ta tsaya a fatar baki. Ba a rubuta komai ba, ba a sa rana ba.

Litinin ta riga kowa zuwa ofis. Da Winifred ta shigo, ta tarar da sashe na goma sha huɗu a kan teburinta, an buga shi tsaf. Ta dubi idon Sauda, ba ta tambayi yadda aka yi ba.

"Barista, in mutum ba lauya ba ne, zai iya ƙara wani abu a takardar nan?"

"Faɗi in ji."

"A rubuta cewa duk ranar da za a tambayi uwa ko uba, a fara duba inda yaron yake. A kai shi maƙwabta, ko a aike shi. A ɗaga labule a duba."

Winifred ta zauna. Ta zare biro daga gashinta, ta rubuta a gefen takardar da ƙananan haruffa, ta ja layi a ƙasa.

"Ban san ko malamai za su bar shi ba. Ban ma san ko takardar za ta taɓa fita daga ɗakin nan ba."

"Ki dai rubuta."

Sauda ta koma kujerarta, ta jawo sashe na goma sha biyar. Ta taga ana jin ƙarar almakashin wani mai lambu a gidan da ke kusa. Ta ɗora yatsunta a kan madannai, ta tarar bakinta yana motsi. Ƙirga take yi. Ta kai hamsin, ta ji yadda yake da tsawo, sannan ta fara bugawa.